Takwarar Farfesa

Sau uku Farfesa ya canza kwat a safiyar bikin ritayarsa, a na ukun ma sai da ya tambayi uwargidansa ko zai yi kyau a hoto.

"Baban yara, ritaya za ka yi ko aure?" in ji ta.

Ita ina ta san abin da ke ci masa rai? Shekara talatin da takwas yana koyar da ilimin halittu, takardun bincike ɗari uku da ɗoriya na ɗauke da sunansa, amma da jami'a ta gina sabon ɗakin taro sai ta liƙa wa ginin sunan wani farfesan lissafi, mutumin da ko kwaɗo bai taɓa feɗewa ba. Ofishinsa kuwa, tun bai kwashe littattafai ba Shugaban Sashe ya turo a auna labule. Gobe war haka a kwance allon ƙofarsa, shi ke nan, kamar ba a yi shi ba.

Sai dai Allah ya ba shi ɗalibai masu ƙaunarsa. Wa ake karɓar wa jaka tun daga bakin mota? Wa ake yi wa layi a ƙofa, kowa da takarda a hannu yana sunkuyar da kai? Duk wanda ya shigo hannunsa ba ya saurin tafiya. Digirin shekara uku sai a yi bakwai ana tare.

A cikinsu babu kamar wadda ake ce wa Shiru-shiru. Shekara tara tana digirin digirgir a ƙarƙashinsa. Ita ke riƙe masa aji, ita ke duba jarrabawa, ita ke yini a ɗakin gwaje-gwaje, inda shi rabonsa da leƙawa tun da warin magungunan wurin ya fara sa masa ciwon kai. Takarda goma sha ɗaya ta rubuta, sunansa a gaba nata a baya, ba ta taɓa ɗaga ido ba. Aibinta guda, yawan sammako zuwa mayanka. Ya taɓa yi mata faɗa irin na uba.

"'Yata, mai ilimi irinki ba ta ƙarewa a gidan mahauci."

"To, Baba," ta ce.

Bara ta shigo ofis ta rusuna, ta ajiye masa wata takarda mai kauri.

"Baba, na gano wata halitta da ba a taɓa rubuta ta ba. Izini nake nema in raɗa mata sunanka."

Sai da Farfesa ya cire tabarau ya share ido. Ya san ƙa'idar sana'arsu: sunan da aka raɗa wa halitta aka buga a mujalla ya zauna ke nan. Gini na tsagewa, a rushe shi a yi wurin ajiye motoci. Wannan kuwa jikokin jikoki za su haddace shi dole, in suna son cin jarrabawa. Ya duba inda idonsa ya saba sauka, ya ga sunansa a mazauninsa, ya rattaba hannu. Daɗi ya ɗebe shi har ya jawo kundin digirinta daga ƙarƙashin tulin jaridu, shi ma ya sa masa hannu.

"Kada ki gaya mini komai," ya ce. "Ranar biki nake so in ga takwarata tare da jama'a."

Zuciyarsa dai ta ba shi tsuntsu ne. Haka ya gaya wa surukansa, ya ƙara da cewa mai tashi sama ne sosai.

Ɗakin taro ya cika har da na tsaye. Farfesan lissafi na layin gaba, don Farfesa da ƙafarsa ya kai masa katin gayyata. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga nesa, har waɗanda suka yi shekara ashirin ba su ɗaga wayarsa ba, kowa fuska a washe. Shugaban Sashe ya ce an bar giɓin da ba zai ciku ba, yana faɗa yana duba agogo.

Aka kira Dakta Shiru-shiru. Yau ne Farfesa ya fara jin muryarta a sarari.

"Halitta ce mai natsuwa," ta ce. "Ba ta hayaniya, ba ta wahalar da kanta. Inda ta kama ta kama ke nan, sai ta yi shekara da shekaru ba a rabu da ita ba. Yawan haihuwarta kuwa ba a magana."

Farfesa ya gyaɗa kai, ya saci kallon farfesan lissafi.

"Na nemi shawarar duk wanda ya yi karatu a hannun Baba, ko mutum ɗaya bai kawo wani suna daban ba. Baba da kansa ya amince da kowane layi, ga sa hannunsa nan."

Bai jira a kira shi ba. Ya miƙe ya hau dandamali, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu biyu. Aka kunna majigi a bayansa. Wayoyi suka tashi sama. Tafi ya ɓarke irin wanda bai taɓa ji ba, wasu na buga tebur, wani tsohon ɗalibi har da hawaye, ya dafe ciki. Uwargida ce kaɗai ba ta tafi. Tana ta yi masa nuni da hannu ya juya.

Ya juya.

Ƙarƙashin sunansa da manyan baƙaƙe, wata farar tsutsar ciki ce miƙe daga wannan gefen allo zuwa wancan, an rubuta a ƙasanta: ba ta da baki, ba ta da hanji, mai ɗauke da ita ke ci ya narkar, ita kuma ta yi ƙiba.