Waldar da Ba Ta Saki Ba

"Kunna," in ji Baba.

Na danna maɓallin. A cikin na'urar da ba ta fi teburin tela girma ba, wani gutsuren ƙarfe ya shiga matsi da zafi irin na tukunyar tururin da ta fashe a masana'antarsu shekara ashirin da suka wuce, ta kashe mutum uku. Baba ne ya yi mata walda. Tun ranar bai sake taɓa kayan aiki ba, wannan gutsuren tukunyar mai ɗauke da waldarsa kuwa ya adana shi a gwangwani ƙarƙashin gadonsa. Saboda shi na ƙarar da ƙuruciyata wajen haɗa na'urar nan.

Hasken eksire ya ratsa ƙarfen, hotuna suka fara fitowa a allo. Wata tsaga siririya kamar gashi ta ɓullo can nesa da waldar, ƙarfen ya dare gida biyu. Waldar Baba ko gezau.

"Baba, ba kai ba ne," na ce. "Ƙarfen ne da ciwo tun daga maƙera. Yau ɗin nan zan kai wa matan mamatan hoton."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Kar ki kai, 'yata. Shekara goma sha ɗaya ina zarya gidajensu kafin ta ƙarshen ta ce ta yafe mini, kuma sai daga ranar ta samu barci. In kika ce mata ƙarfe ne, wa ta yafe wa?"