Tambayoyin da Ke Kwamfutar Auta

Da ƙafa Injiniya ya banke ƙofar gidan, ƙyauren ya daki bango ya dawo. Mijin ƙanwarsa, malamin firamare da ke hutun makaranta, yana tsugune a tsakar gida yana wanki, da riga mai dogon hannu duk zafin ranar nan. Ya ɗago zai ce sannu da zuwa, naushi ya tare masa gaisuwar a baki.

Awa ɗaya kafin nan, Injiniya yana ofis yana ta dariya shi kaɗai. Shi ke kula da kwamfutocin kamfani. Wata uku ke nan da aka sa wa ma'aikata manhajar ƙirƙirarriyar basira don rubuta wasiƙu da rahoto, amma mutane suka mayar da ita boka. Wannan ya nemi maganin sanƙo, wancan ya ce a tsara masa saƙon lallashin budurwa. Manaja ya fusata, ya ce a fitar masa da jerin masu wasa da kayan aiki. Jerin ba ya nuna amsa, tambaya kawai, sai rana da sunan mai kwamfuta.

Dariyar ta ɗauke da ya iso kan sunan Auta, sakatariyar manaja, ƙanwarsa ciki ɗaya, wadda shi ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Tambayoyin duk na Asabar da Lahadi ne, ranakun da take tafiya gida da kwamfutar.

"Idan haƙarƙari ya tsage, yana haɗewa ba a je asibiti ba?"

"An ƙona ni da dutsen guga a kafaɗa. Me zan shafa?"

"Yaya zan ɓoye rauni kada a gane a wurin aiki?"

Ta ƙarshe ba tambaya ba ce ma: "In na faɗa, dariya za a yi mini."

Ya leƙa ofishinta. Tana waya tana murmushi, mayafi ya rufe kafaɗunta. Halinta ke nan, ya ce a ransa, tun tana ƙarama ba a ganin hawayenta, ita ce ma ke sa yaran unguwa kuka. Ya zari makullin babur.

Yanzu ga Malam ya faɗa kan bokiti, ruwan sabulu ya malale yana jan jinin hancinsa zuwa rariya. Injiniya ya shure shi a gefen ƙirji. Ƙarar da Malam ya saki ta fi ƙarfin shurin nesa ba kusa ba, amma Injiniya bai tsaya lura ba, ya ƙara masa. Ya zare bel ɗin wandonsa, ya naɗe shi a hannu, ya shiga sauke masa ta wajen ƙarfen.

Malam bai rama ba, bai kuma tambayi laifinsa ba. Ya dunƙule wuri ɗaya, gwiwa a ciki, hannu biyu a ka, bakinsa gum don kada maƙwabta su ji.

"Haka kuke dama," in ji Injiniya yana haki. "Zaki a ɗaka, kaza a waje. Amana na ba ka, ba jaka ba."

Sai idonsa ya faɗa kan dutsen guga a bakin taga. Ya fizgo shi, waya tana jan ƙasa, ya ɗaga shi saitin fuskar Malam.

"Da wannan ne ko? 'An ƙona ni da dutsen guga a kafaɗa, me zan shafa?' Na karanta duka a ofis, azzalumi. Yau za ka ji yadda yake."

Sai a lokacin tsoro ya bayyana a idon Malam.

"Yaya, ana gani a ofis?"

Injiniya ya damƙi wuyan rigarsa zai miƙar da shi, rigar ta kece har gadon baya. An naɗe ƙirjin da tsohon zani an ɗaure tam. A kafaɗar hagu kuwa ga shatin dutsen guga raɗau, har da tsininsa, ƙunar ta fara ɓawo. Malam ya jawo yagaggiyar rigar yana rufewa, ya tofar da jini, ya kalli ƙofa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Don girman Allah, Yaya, kada ka gaya mata na taɓa kwamfutarta."