Muryar Bayan Katanga

La'asar na yi muryar ta tsallako katanga, Ermete ya dangwarar da kofin gahawarsa. Gogen maƙwabcinsa Ulderico ke nan. Murya kamar zuma, tsinanniya!

A birnin Cremona, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana sassaƙa goge irin na Turawa, ko direban bas mai ritaya irin Ermete sai ya gwada hannunsa. Ermete ya gwada. Ya ƙarar da idonsa a kan katako, ya shafe shi, ya rataye a ɗakin sama. Amma in ya maƙale shi a haɓa ya ja, sai ƙara ta cika masa kunne kamar ana jan ƙofar gareji. Abin yabonsa ɗaya: kullum tsirkiyoyin a saite yake samunsu.

"Kawo in riƙa kaɗa maka," Ulderico ya taɓa ce masa. "Sabon goge sai da hannu yake buɗewa."

"Riƙe hannunka, malam gwani."

Ba wanda zai taɓa masa goge. Kishi har ya hana shi cin taliya. Ga matarsa Nives kullum da kwandon wanki tana shiga gidan mutumin, wai can rana ta fi bugawa.

"Ki shanya kunnenki ma a can," in ji Ermete.

"Tsoho, ci abincinka."

Ƙungiyarsu ta masu sassaƙar sha'awa ta sa gasa: gogen da ya ci, shi za a kaɗa a coci ranar bikin gari. Burin Ermete ke nan tun yana tuƙi. Wata ɗalibar kiɗa ce ke kaɗawa a bayan labule, su kuma su zaɓa da kunne.

Aka tace, saura biyu. Na farko ba yabo ba fallasa, wa ya sani ko nasa ne. Na biyu na buɗe baki Ermete ya gane muryar bayan katanga, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ƙuri'u suka yi kunnen doki. Saura tasa.

"Na farko!" ya ce da ƙarfi. "Wancan ai kwaɗo ne. Wanda ya yi shi ya koma faskare."

Ulderico ya dafe kai. Nives ta rufe fuska da gyale.

Aka ja labule. Na farkon na Ulderico ne, kwaɗon kuwa gogen Ermete, wanda Nives ta yi ta tsallakawa da shi a ƙarƙashin wanki don Ulderico ya riƙa kaɗawa.