Sunan Tuhin a Takardar Likita

Farantin ƙarfe ya suɓuce mini a ɗakin renon da nake kula da shi a kamfaninmu na ɗinki, inda kowa ke ce mini Inna. Yara tara suka tsala ihu. Tuhin, ɗan shekara ɗaya da rabi, ko waiwayowa bai yi ba.

Washegari likita za ta zo duba yaran da na rubuta mata. Ta sha gaya mana, in aka gano da wuri, akan sa wa yaro na'urar ji ya koyi magana. Amma manaja ya ce duk mai lalura a mai da shi gida. Uwarsa Shefali kuwa ba ta da mai riƙe mata shi, sai dai ta bar aiki.

Da aka tashi daga aiki na tare ta, takardar sunayen na hannuna.

"Shefali 'yata, yaron nan naki..."

"Ya cinye miki shinkafa ne, Inna?" ta ce tana dariya.

"Ba ya ji."

Ta ci gaba da sa masa takalmi.

"Tun yana wata biyar na sani. Ɗakunan reno uku ne a nan, Inna. Na zaɓi naki ne don kowa ya ce ke ba kya magana."