Kwalabe Bakwai

Tana tsaye jikin keken ɗinkinta, yayan mijinta ya jera kwalaben giya a kan tebur, har guda bakwai.

"A bayan kwandon shararku na tsinto su," ya ce wa ƙanensa. "Kai direba, da rayukan mutane a hannunka? Ba ni makullin motata!"

Mijin ya miƙa, kansa a sunkuye. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar nan, da ita suke ci suke sha.

Surukarta ta fashe da kuka. "Ka cuci yarinyar nan! Dubi yadda ta rame, hannunta har rawa yake yi, duk baƙin cikinka ne." Ta jawo ta ta rungume. Ita kuwa ta ɗauke numfashi har sai da tsohuwar ta sake ta.

"Ba ka da bakin magana ne?" Yaya ya daka masa tsawa.

"Ku yi haƙuri. Ba za a sake ba."

Matar ta kawar da kai, ta hau gyara zaren keken.

Da suka tafi, ya kwashe kwalaben, ya durƙusa gabanta, mutumin da ko ɗanɗana giya bai taɓa yi ba.

"Ina sauran?" ya tambaya a hankali.

Ta nuna buhun ƙyallaye a ƙarƙashin keken. "Biyu suka rage."

Ya gyaɗa kai, ya yarda da ita.

Uku ne.