Bangon Falon Ango

Kwana tara da tarewa, bangon falon Ango ya fara gumi.

Ango dai ba ango ba ne. Ya ba wa hamsin baya, amma da yake kullum cikin turare yake da takalmi mai ƙyalli, sunan ya bi shi. A ce mutum irin wannan fentin sabon gidansa yana kumbura yana zubowa kan kafet? Kuma daidai ƙasan hotonsa, wanda ya kafa da hannunsa ranar tarewa, ranar da masu kwasar kaya suka sace masa farin hankici? Ai wulaƙancin ya yi yawa.

Zama ya gagare shi. Ya kira ɗan kwangilar da ya gina rukunin gidajen, ɗan kwangila ya ce laifin mai famfo ne. Mai famfo ya rantse ya gwada kowane bututu kafin a rufe, a tambayi mai yaɓe. Mai yaɓe ya ce shi bai taɓa ganin siminti ya haifi ruwa ba. Duk wanda ya zo, Ango zai nuna masa danshin da babban yatsansa mai baƙin farce, ya ce a gaya masa wa ya cuce shi.

Matarsa kuwa tana ta matse tawul a bokiti.

"Baban yara, mu sauke hoton nan mana kada ya jiƙe."

"Bar shi. Shi kaɗai aka yi daidai a gidan nan."

Washegari tana kasuwa, ya sauya wa hoton firam da wanda ya fi girma.

Ɗan kwangila ya gaji. Ya ce ranar Asabar za a fasa bango. In haɗin bututu ne ya saki, mai famfo ya bar aikin sauran gidaje goma sha biyun.

Mai famfo ya iso da guduma da kurfi. Ango ya tare shi a ƙofa, ya ce ta banɗaki za a fasa.

"Yallaɓai, ta falo ya fi kusa. Tayil ɗin can sabo ne."

"A fasa tayil! Falona ba kango ba ne."

Aka ɓalle layi huɗu. Kowane haɗi a bushe ƙarau. Ango ya leƙa, ya fita, ya dawo. Ya duba agogo. Ya ce a kawo wa baƙi ruwan sanyi, ya sha nasu ya sha nasa. Can sai ya yi gyaran murya, ya ce shi mai haƙuri ne, ya yafe wa kowa, a rufe ruwan ɓangaren kawai a watse.

"Ni ban yafe ba, yallaɓai," in ji mai famfo. "Abincin 'ya'yana ne."

Ya kafa bakin sukundireba a bango, ya ɗora kunne a kan ƙotar. Ya matsa, ya sake saurara. A haka ya fita daga banɗaki, ya bi bango har falo. Ango ya riga shi, ya tsaya gaban hoton ya buɗe hannuwa.

"Ƙanina, kada ka taɓa. A ƙasar waje aka wanke shi."

Matarsa ta ajiye bokitin, ta zagaya ta ƙarƙashin hannunsa, ta ɗaga firam ɗin ta sauke.

A bayansa an ƙwaƙule yaɓen. Wata doguwar ƙusa ce ta shige tsakiyar bututun, an liƙe gindinta da cingam, an naɗe da roba, aka ɗaure tsaf da farin hankici mai ƙamshin turaren Ango.