Ɗigon da ke Ƙarƙashin Idon Sennosuke

Otane tana gaban madubinta na tagulla tana danna hoda a kunci, yadda ta saba kowace safiya, sai ta ji muryar Jinbei a bakin ƙofa. Shi ne mai shagon hotunan 'yan kabuki, wasan dandali na Japan, da mijinta Tokuzo yake wa aiki, kuma Jinbei ba ya zuwa gidan mutum da sassafe don gaisuwa kawai.

"Sennosuke ya sake aiko da ƙorafi," in ji Jinbei. "Ya ce shi ba shi da ɗigo a ƙarƙashin ido, haɓarsa kuma ba zagayayyiya ba ce. Tokuzo, in ɗigon nan ya fito a hoton sabon wasa, wani zan ba aikin."

"Hannuna ne ke yi," Tokuzo ya ce, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Sennosuke namiji ne, kamar duk masu fitowa a mata a dandalin birnin Edo, kuma rububin hotonsa ake yi. Tokuzo ke sassaƙa fuskarsa da gashinsa a katakon da ake buga hoton da shi, sauran masassaƙa su yi tufafi. Ana manna zanen mai zane a kan katakon ne a kife, wuƙa ta cinye takardar kakaf, don haka babu mai shaidar abin da mai zanen ya zana tun farko. Tokuzo ya san wannan sarai, ja'irin tsoho.

Abin ya tsaya wa Otane a rai. Shekara ashirin da shida suna tare, bai taɓa ce mata ko miyarta ta yi daɗi ba, kuma bai taɓa barinta ta leƙa ɗakin aikinsa ba, wai kada ta taka kaifi. In fuskar ba ta Sennosuke ba ce, to ta wace ce?

Ta cusa hoto ɗaya a hannun rigarta ta shiga unguwa. Ta ƙare wa 'yan matan shagon shayi kallo. Ta tsaya gun mai sayar da gasasshen kifi har matar ta tsargu. Babu mai ɗigo a gefen fuskar da yake a hoton. A gidan wanka ta nuna wa tsohuwar da ke tsaron ƙofa.

"Iya, kin san mai wannan fuskar?"

Tsohuwar ta dubi hoton, ta dubi Otane, ta yi dariya har da tari.

"Je ki gida, 'yar nan. Ruwan yau ya yi miki zafi."

Otane ta dawo a fusace. Har unguwa ta sani, ita kaɗai ce a duhu.

"Maigida, saboda wata za mu rasa shinkafar gidan nan?"

Tokuzo ya yi ja har kunne, ya ɗauki tsummansa ya tafi wanka. Washegari ne za a kai katakon gun masu bugu, kuma ta san halinsa: ba zai cire ɗigon ba ko za su koma shan ruwan zafi.

To, ita za ta cire. Ɗigo ai ɗan tudu ne a katako, bugu ɗaya ya ishe shi. Ta tura ƙofar ɗakin aikin, ta zaɓi wuƙa mafi kaifi, ta yaye ƙyallen da ya rufe katakon. Rana ta faɗo a kansa ta taga.

Hotuna ta sha gani, ɗaruruwa, amma katako ba ta taɓa gani ba. A katako komai a juye yake, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, sai an buga a takarda yake miƙewa. Ta daɗe tana kallo. Kunya ta kama ta, dariya ta biyo baya, sannan hawaye.

Ta mayar da wuƙar inda ta same ta, ta rufe katakon a hankali. Jinbei ya nemi wani masassaƙin in yana da ƙarfin hali. Ta sa bakin hannun riga ta goge hodar kuncinta, domin fuskar da ke kan katakon, da haɓar da ɗigon da komai, ita ce wadda take gani a madubi kowace safiya, sai dai Tokuzo ya rage mata shekara ashirin da shida.